A Sauka Lafiya, Ba-Sauka

Mutumin nan sunaye biyu gare shi, kuma duk biyun shi ya ja wa kansa. A layin masu gyare-gyare, inda ya yi shekara arba'in da ɗoriya a wani ɗan shago tsakanin mai walda da mai yanka gilashi, Mai Sikeli ake ce masa. A kan dutsen da ke bayan gari kuwa, inda masu keken hawan dutse ke zuwa su wahalar da kansu da sassafe, ba wanda ya san shi da wannan. Can Ba-Sauka ne, domin a shekara goma sha bakwai da ya yi yana bin hanyar dutsen, ba a taɓa ganin ya sa ƙafarsa a ƙasa ba, daga ƙoli har gindi.

Shagon nasa in ka shiga sai ka rage murya ba tare da an ce ka rage ba. Ga sikelin mahauta mai ƙugiya a rataye, ga na masu zinari a cikin akwatin gilashi, ga na auna jarirai da aka kawo daga wani asibiti, ga duwatsun awo na tagulla a jere, daga wanda sai da hannu biyu har wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ko'ina ƙamshin man keken ɗinki. In iska ta shigo ta ƙofa, allurorin sikelin duk sai su ɗan motsa, su yi ta lilo a hankali kafin kowace ta koma tsakiya. Shi kuwa yana iya zama ya zuba musu ido har shayinsa ya huce.

Yana da shekara hamsin ya je gyaran sikelin wani mai gwanjo, ya ga keken a rataye a bango, mai ƙatuwar taya da giya kala-kala. Ya hau don gwaji kawai, bai dawo ba sai bayan awa biyu. Tun ranar yake cewa sikeli da keke uwa ɗaya uba ɗaya ne, kowanne tsakiya yake nema. Yanzu shekarunsa sittin da bakwai, gemu ya yi fari fat, gwiwa tana ƙara in zai tashi daga kujera, amma in ka yi masa zancen tsufa sai ya dube ka kamar ka zage shi.

Hanyar dutsen ta bayan gidansa take farawa, don gidan shi ne na ƙarshe a layinsu. Ta wuce tankin ruwa, ta ratsa cikin itatuwa, ta yi ta nannaɗe dutsen har sama. A can sama, da farar safiya, gajimare kan kwanta ƙasa da mutum. Garin duk yana barci a ƙarƙashi, carar zakara ma sai ta ɗan makara kafin ta iso kunne, shirwa tana shawagi kana kallon bayanta. Ba-Sauka kan tsaya a kan fedarsa, keke bai gaba bai baya, ya ji kamar babu nauyin komai a jikinsa. Daga nan sai gangara. A tsakiyar gangarar akwai wani wuri da dutse ya yi hawa-hawa har goma sha biyu, a tsaye ƙiƙam, wanda suke kira Tsani. Duk mai hankali a nan yake sauka ya ja kekensa. Abokinsa Safiyo, wanda ya yi ritaya daga aikin awon filaye, kullum a nan yake sauka, shi kuma Ba-Sauka ya wuce shi fuu, yana ce masa, "Mutumina, keke ka saya ko akuya?"

"Akuya ce," in ji Safiyo. "Kuma ni da ita za mu kai gida da ƙafafunmu."

A gida akwai matarsa, Malama. Shekara talatin ta yi tana koyar da labarin ƙasa, har ta kai in ta zana kogi a allo sai ka ji kamar ka wanke fuska. Shekara huɗu da suka wuce, wata safiya tana shanya, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Hannun dama ya tsira, hankali garau, ido kuwa na hangen nesa kamar na shaho, sai dai harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya-ɗaya take fitarwa. Tun daga nan keke ya zama biyu a gidan, nasa a baranda, nata na guragu a ɗaki. 'Ya'yansu sun watse a garuruwa, sai Auta kaɗai ke kusa, tana aiki a sashen gashin ƙashi na asibiti, ga nata gidan, ga yara uku. Saboda haka ɗaukar Malama daga gado zuwa keke, daga keke zuwa gado, sau huɗu a rana, aikin Mai Sikeli ne, kuma bai taɓa yarda wani ya taya shi ba.

Yadda yake yi ke nan. Hannun dama a bayanta, na hagu ƙarƙashin gwiwoyinta, ya ce ɗaya, biyu, ya ɗaga. Sai ya ɗan tsaya da ita a sama, ya lumshe ido, wai yana awo.

"Yau kin ƙaru da rabin kilo."

"Sikelinka ya tsufa," in ji ta.

Ya tura ta gaban taga, don nan take so, tagar da ke kallon dutse, inda rana ke shigowa in ta leƙo ta bayansa. Ya aje mata shayi a dama, da katakon zane a cinya, da gwangwanin fensir, da wani ɗan madubi da take ɗagawa ta ga mai shigowa ta ƙofar bayanta, tunda wuya ba ya juyuwa. Ya sa hular kwanonsa rawaya. Yana kaiwa bakin ƙofa sai ta ce, "A sauka lafiya."

"Allah ya sa," ya amsa, rabin jikinsa ya riga ya fita. Abin da ake gaya wa kowane matafiyi ne, wanda zai hau mota da wanda zai hau jirgi. Ya saba jinsa kamar ƙarar ƙyauren, ba ya ma lura an faɗa.

In ya dawo sai ya zauna a bakin gado yana kwance takalmi, ya ba ta labarin hanya, ita kuma tana zanawa. Da haka ta yi taswirar dutsen da ba ta taɓa hawa ba. Kowace kwana ta sa mata suna. Ga Wuyan Raƙumi, ga Inuwar Makiyayi, ga inda bushiya ta tsallaka ranar Laraba, ga itacen da tsawa ta raba biyu amma bai mutu ba. Takardar ta cika maƙil da ƙananan rubutu, sai wuri ɗaya da ya rage fari tas.

"Me ke Tsani?" takan tambaye shi.

"Duwatsu."

"Sai me?"

"Sai waɗansu duwatsun."

Gaskiya ya faɗa, iyakar abin da ya sani ke nan. Mai gangara Tsani a kan keke ba ya ganin komai sai taku biyu gaban tayarsa.

Abin ya faru wata Talata, bayan an kwana ana yayyafi. A satin ne ya karɓo sabon tabarau mai hawa biyu, sama na hangen nesa, ƙasa na duba allurar sikeli. A shago ya ji daɗinsa ƙwarai, har yana yi wa mai walda kuri. Bai yi tunanin cewa mai gangara ƙasa yake kallo ba, kuma ta ƙasan gilashin zai kalla. Ya shiga Tsani, hawa na ɗaya, na biyu, na uku, sai duwatsun suka fara iyo a idonsa. Na biyar ya gan shi kusa, ashe da saura. Ya damƙe birkin gaba, keke ya tsaya, shi bai tsaya ba. Ya kai hannun hagu ya tare ƙasa, ya ji wani ɗan ƙas a wuyan hannun, hular kwano ta daki dutse.

Safiyo ya ƙaraso da akuyarsa a hannu, ya same shi zaune yana kallon sama.

"To, yau dai Ba-Sauka ya sauka."

"Faɗuwa daban, sauka daban," in ji shi. "Kuma kada in ji zancen nan a bakin kowa."

Ka ji mutum. Hannu na kumbura, shi sunansa yake lallaɓawa. Ya koma kan keken, ya ƙarasa gida da hannu ɗaya, ya ja hannun riga ya rufe wurin. Malama ba ta tambaye shi labarin hanya ba ranar. Ta dai dube shi daga hula har takalmi. Ya ga fensirinta a karye gida biyu a kan katako, ya ce a ransa fensiran yanzu ba su da ƙwari.

Da rana ta take, lokacin hutunta ya yi. Ya sa hannun dama a bayanta, na hagu ƙarƙashin gwiwoyi, ya ce ɗaya, biyu. Ya ɗaga ta ta rabu da keken, sai hannun ya ce bai san zancen ba. Ya saki. Allah ya taimaka ya tare ta da ƙirji da gwiwa, suka sulale tare a hankali har kan darduma, tsakanin gado da keke. Ba ta ji ciwo ba. Amma ya gwada sau uku ya ɗaga ta, ya kasa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Daga ƙarshe ya jawo waya ya kira Auta, ta ce tana tare da mara lafiya, sai nan da awa ɗaya.

Awa ɗayan nan a ƙasa suka yi ta. Ya jingina da gado, ya ɗora kanta a kafaɗarsa, ya jawo matashi ya tokare mata ɓarin da ba ya ji. Daga nan ƙasa ɗakin ya zama wani ɗaki daban. Ga ƙasan tebur da 'ya'yansu suka yi wa zane tun suna ƙanana, ga wani maɓalli da ya ɓace tun bara, ga hasken labule yana ta yawo a silin kamar ruwa a kwano. Suna nan a haka har agogon bango ya buga.

"Mai Sikeli," ta ce, kalma ɗaya-ɗaya. "Ni ce Ba-Sauka ta gaskiya. Kai in ka ga dama kana iya sauka daga naka keken. Ni sai an sauke ni."

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ya buɗe baki zai ce tsautsayi ne, ya ga maganar ba ta da wurin zama, ya haɗiye ta.

Auta ta zo, ta ɗaga uwarta, ta gyara mata kwanciya, sannan ta juyo kan uban. Yarinyar nan ba ta da hayaniya, amma in ta yi magana a hankali gara a ce ta yi ihu. Hoton ƙashi ya nuna tsagewa, aka naɗa masa filasta na sati shida. Da suka dawo gida ta samo sarƙa da kwaɗo, ta ɗaure keken a jikin ƙarfen baranda, ta kai wa uwarta makullin.

"Baba, ka yi haƙuri, amma zan faɗa. Hannayen nan ba naka ba ne kai kaɗai. In ka karya ƙugu fa? Ƙashin ɗan shekara sittin da bakwai ba ya ɗinkewa kamar na ɗan ashirin, kullum ina ganinsu a gadon asibiti. Wa zai ɗauki Mama?"

Sati shidan nan sun fi masa shekara tsawo. Auta kan biyo kafin ta wuce aiki, in yara sun makarar da ita sai Malama ta kai ƙarfe goma a kwance tana kallon silin, shayinta ya yi sanyi. Shi yana zaune a gefe da hannu a rataye a wuya, ƙato da shi, ba abin da zai iya. Ba ta taɓa yi masa gori ba, kuma wannan ne ya fi cinsa. Da ta zage shi da ya samu sauƙi.

Da aka cire filasta, hannun ya fito siriri, fari, kamar ba nasa ba. Auta ta mai da uban nata ɗalibi. Ta ba shi ƙwallon roba ya yi ta matsawa. Ta sa shi tsayuwa da ƙafa ɗaya yana goge baki, yau dama gobe hagu. Ta sa shi tashi daga kujera sau goma ba tare da ya dafa komai ba. Ranar farko a na shida ya tsaya yana haki, mutumin da ke hawa dutse ba hutu, Malama kuwa tana kallonsa ta madubi tana dariya da rabin baki. Wata biyu cif kafin Auta ta tsaya a kansa ya ɗauki Malama a gabanta, ta ce to, ya ci jarrabawa.

Zancen keke kuwa bai daina ba. A shago sai ya bar aiki ya tafi can. Ya ga kansa a ƙoli, gajimare a ƙasa, iska na shiga ta hannun riga, har sai mai yanka gilashi ya leƙo ya ce, "Mai Sikeli, ka dawo, ga mai kaya na jira." Wata rana aka kawo masa sikelin da sifirinsa ya saki. Ya juya shi, ya nuna wa mai shi ɗan ƙarfen da ke manne a gindi, inda aka rubuta iyakar nauyin da zai ɗauka. Ya yi masa faɗa sosai, ya ce kowane sikeli da iyakarsa, kuma in ya tsufa iyakar raguwa take ko da rubutun bai canza ba. Mutumin ya tafi, maganar ta zauna a shagon tare da shi har yamma.

Sai ya fara shiri, ko da yake keken na ɗaure. Ya yanko tabarau na nesa zalla, na hanya kawai. Auta ta ce hular da ta riga ta sha duka ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba, a sayo sabuwa. Malama ta ce a sayo rawaya irin ta da, kada a canza. Ya zauna a baranda ya sassauta sirdin yadda zai iya sauke shi ƙasa in za a gangara, ya rage wa tayoyin iska don su riƙe dutse, ya gyara birki har yatsa ɗaya ya ishe shi. Ya yarda ba zai fita bayan ruwa ba, ba zai fita shi kaɗai ba, ba zai hau da jiki a sandare ba sai ya yi tafiyar ƙasa ta minti goma, kuma in gajiya ta zo zai juyo ko da ƙoli na gabansa. Duk wannan ya haɗiye ba ko tari. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya.

"Tsani fa, Baba?" in ji Auta.

"Za a duba."

"Ba za a duba ba. Ko ka sauka a Tsani, ko keken nan ya tsufa a ɗaure."

Ya yi mata kunnen uwar shegu. Suna linzami ne, kuma nasa ya riƙe shi tamau. Shekara goma sha bakwai yana gina abu ɗaya da ba wanda ya iya sai shi. Gani yake in ya sa ƙafa a ƙasa a Tsani, shi ke nan, ya zama tsoho kamar kowane tsoho.

Malama ce ta warware. Wata uku taswira ba ta ƙaru da ko ɗigo ba. Kullum yana kai ta gaban taga, ta zauna ta kalli dutsen, fensir a gwangwani. Wata safiya, sama garau, ƙasa a bushe, ya gama aje mata shayi sai ta zazzage gwangwanin a kan katako. Makullin ya faɗo tare da fensiran.

"Taswirata ta tsaya," ta ce. "Kai ma ka tsaya. Ba na son ganinka haka. Je ka. Amma ga aikin gida, ka kawo mini Tsani."

Ya karɓa, ya kira Safiyo a waya, ya sa sabuwar hula. A bakin ƙofa ta ce abin da ta saba cewa, ya amsa abin da ya saba amsawa.

Sun ja kekunansu a ƙasa har tankin ruwa, sannan suka hau. Raɓa ba ta gama bushewa ba, kowane ganye da ɗigonsa. Ya wuce Wuyan Raƙumi, ya wuce Inuwar Makiyayi, ya gai da itacen da tsawa ta raba. Numfashi ya yi masa gajere, ya tsaya sau biyu ya sha ruwa, yana dafe da dutse don kada ƙafa ta taɓa ƙasa. A ƙoli gajimaren na nan inda ya bar shi. Ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya ce wa Safiyo iska ce.

A bakin Tsani suka tarar da waɗansu magidanta uku, 'yan shekara arba'in haka, suna hutawa. Suna ganin rawayar hula suka miƙe. "Ba-Sauka ya dawo. A ba shi hanya." Suka ja kekunansu gefe, ɗaya har ya zaro waya zai ɗauka.

Ya sauke sirdi, ya miƙe a kan feda, ya matso har tayar gaba ta leƙa hawa na farko. Da sabon tabarau duwatsun sun fito sarai, kowanne a mazauninsa. Ya san zai iya. Wallahi zai iya, sau tara cikin goma zai kai ƙasa lafiya, kuma jikinsa duk ya riga ya karkata gaba. Keke ya tsaya cak a tsakiya, bai gaba bai baya. A cikin wannan ɗan tsayin ne ya ji sanyin darduma a bayansa, da nauyin kanta a kafaɗarsa. Sai muryarta ta zo masa yadda take fita a bakinta, da harshen nan mai nauyi da ke raba kalma da kalma. A. Sauka. Lafiya.

Shekara huɗu yana amsa addu'a, ashe har da umarni a ciki.

Ya sa ƙafar hagu a ƙasa. Ya ɗaga ta dama ya tsallake sirdi, ya tsaya a gefen kekensa. Mai waya ya sauke wayarsa.

"Lafiya dai, Baba?" in ji ɗayansu.

"Lafiyar ce ta kawo haka."

Safiyo bai tsokane shi ba, kuma wannan alheri ne da bai manta ba. Safiyo ya dai ce, "Ka riƙe ta ta gefen dutse, yatsa a kan birkin baya. Akuya ba ta son gaggawa."

Suka fara gangarawa da ƙafa. Ashe Tsani gari guda ne. A ƙarƙashin hawa na uku ruwa na tsattsafowa daga tsagar dutse, siriri kamar zare, ya yi gansakuka kore shar. Ga waɗansu furanni shuɗɗa da ba su kai farce ba, ga katantanwa na tafiyarta, ga ƙadangare ya ɗaga kai yana duban baƙo. A hawa na biyar ya ga ɗan fentin kekensa a jikin dutse, ya taɓa shi da yatsa. Yana ta tarawa a ransa, wannan zan gaya mata, wannan ma. A hawa na bakwai duwatsu biyu suka rabu, suka bar tsakani kamar ƙofa. Ya leƙa. Ga tankin ruwa can ƙasa, ga layinsu, ga gida na ƙarshe, ga taga da koren labule a ɗage, rana ta cika ta.

"Safiyo, waccan ba tagarmu ba ce?"

"Ita ce. Layi ɗaya ne miƙe daga can zuwa nan, ko igiya ka ja. Daga tagar ana ganin Tsani gaba ɗaya, musamman mai rawayar hula."

"Ka sani ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Yaushe ka taɓa tsayawa a nan da za a gaya maka?"

Yana cikin kallo sai wani haske ya ƙyalla daga tagar, ya ɓace. Ya sake ƙyallawa, ya sake. Madubin ne. Ya zauna a kan dutse. Kullum safiya ta Allah, shekara huɗu, tana zaune inda ba ta iya tashi, tana kallon ɗigon rawaya na gangara Tsani, da hannayen da za su sauke ta riƙe da kan kekensa. Ya tuna fensirin da ya karye. Ya cire hular, ya ɗaga ta sama da hannu biyu, ya riƙe har kafaɗunsa suka gaji.

Da ya shiga ɗaki ta riga ta gan shi ta madubi. Ya zauna a bakin gado, bai ko kwance takalmi ba, ya fara. Ruwan da ke tsattsafowa, gansakuka, furannin, katantanwa, ƙadangaren. Tana zanawa, farin wurin na cika a hankali. Da ya zo kan ƙofar duwatsu sai ya ɗago ya dube ta.

"Me ya sa ba ki taɓa haska mini ba sai yau?"

"In haske maka ido kana kan gangara?"

"To me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Kullum ina faɗa," in ji Malama. "Sai yau ka ji Hausa."

Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ya sa hannun riga ya goge fuska. Ta ƙyale shi har ya gama, tana ƙarasa zanen katantanwa.

Da rana ta take ya kwashe katako da gwangwani, ya aje madubin a kan tebur. Hannun dama a bayanta, na hagu ƙarƙashin gwiwoyi. Ɗaya, biyu. Ya tsaya da ita a sama, ya lumshe ido, ya daɗe fiye da kullum.

"Nawa yau?" ta tambaya.

"Daidai," ya ce. "Daidai abin da zan iya."

Ya sauke ta a hankali, sai da ya ji katifa ta karɓe ta gaba ɗaya sannan ya zare hannayensa.